Hatimin Arlen Moen

A garinmu Lindvik, duk wanda zai zauna a kujerar bakin taga a gidan gahawa sai ya fara waiwayawa ya tambayi Arlen Moen, "Injiniya, za ta ɗauke ni?" Shi kuwa ko ɗago kai daga jarida ba ya yi. "Ban duba ba," haka yake cewa kullum. A yi dariya, a zauna. An daɗe ana wannan wasa, har waɗanda aka haifa bayan an fara shi suka girma suka gaje shi, yawancinsu ba su san daga inda ya taso ba.

Arlen ɗan manomi ne, na uku a cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne jininsa bai haɗu da na shanu ba. Tun yana ƙarami in an aike shi rumbu sai a tarar da shi ya ɗaga kai yana ƙirga katakon rufi. Da ubansa ya ga ba za a ci moriyarsa a gona ba, sai ya tura shi jami'a ya karanci aikin gini, yana cewa gara a rasa shi gaba ɗaya da a riƙa ganinsa tsaye. Ya dawo da takardar shaida da hatimin injiniya da ake bugawa a kan sa hannu, ya kama ɗaki biyu a saman shagon sayar da ƙusoshi, ya auri Marlys, malamar lissafi a sakandare, wadda ta fi shi baki nesa ba kusa ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a wannan ofis. Bai taɓa zana abin da za a buga a jarida ba. Rumbunan hatsi ne, da rufin ɗakin wasan makaranta, da ƙananan gadoji a hanyoyin gona, da hasumiyar cocinmu da ta karkace aka miƙar. Ko ɗaya bai faɗi ba. Abin da ya faɗi ba shi ya zana ba, amma shi ne mutane suka riƙe.

Yana da shekara talatin da shida aka yi wani hunturu da dusar ƙanƙara ta kai tagogi. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, Delmar Skogen ya tare shi a bakin ƙofa. Abokinsa ne tun aji ɗaya, shi ne ma babban abokin ango a bikinsa.

"In za ka wuce ka leƙa mini rufin ɗakin shanun nan," in ji Delmar. "Yana wani kuka da ban gane ba."

Arlen ya bi shi da kayan cocinsa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ɗaga kai na minti goma. Akwai tsani da ke hawa saman da ake tara ciyawa, amma tsanin duk kashin shanu ne, shi kuma takalmin ƙafarsa sabo ne, Marlys ta saya masa a Kirsimeti. Bai hau ba. Ya ce, "Zai riƙe har ƙanƙara ta narke." Matar Delmar, Ardis, ta ba shi gahawa da wainar ƙwai, ya sha ya tafi gida.

Kwana takwas rufin ya zo ƙasa. Katakon da ya ruɓe yana can sama, a bayan ciyawa. Shanu goma sha tara suka mutu, ƙanin Delmar kuma ya karye a ƙugu, da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa.

In za a faɗi gaskiya, ba Delmar ne ya kai ƙara ba. Kamfanin inshorarsa ne ya biya shi, sannan ya shiga neman wanda zai ɗora wa. Amma Delmar aka kira shaida, ya ɗaga hannu ya rantse, ya maimaita maganar Arlen kalma da kalma, bai ƙara ba bai rage ba. Lauya ya tambayi Arlen me aka biya shi. Ya ce kofin gahawa. Lauyan ya ce, to a lokacin da kake shan gahawar, kai injiniya ne ko ba injiniya ba? Shi kuma nasa kamfanin inshorar ya ce wannan ba aikin ofis ba ne, babu takarda babu yarjejeniya, ya zame. Shekara uku ana hawa kotu ana sauka. A ƙarshe aka sayar da ɗan gidan bakin tafki da Marlys ta gada wurin ubanta. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma har yau in hanya ta biyo da ita ta wajen tafkin sai ta ɗauki wata mai nisa.

Daga nan Arlen ya rufe bakinsa. Ya gane da kansa cewa baki shi ke yanka wuya, ya kuwa riƙe darasin fiye da kima. In ka kawo masa aiki ofis, a rubuta a sa hannu, zai hau rufinka ya shiga ƙarƙashin gidanka da rarrafe, ya ba ka amsa shafi goma da hatimi a ƙasa. In kuwa a hanya ka tare shi, ko a makabarta, ko a wajen biki, ba ka samun komai. Fasto ya taɓa tambayarsa ko dandamalin 'yan waƙa zai ɗauki mutum ashirin, ya ce masa ofis yana buɗewa ƙarfe takwas. Marlys ta rantse ko kantar kicin ta tambaye shi za ta ɗauki kwalaben tumatir, sai ya yi kamar bai ji ba. Mutane suka mayar da abin wasa, don mutanenmu in abu ya yi musu nauyi ba su iya maganarsa sai da wasa.

Tsakaninsa da Delmar kuwa ba a yi faɗa ba, a nan ba mu iya faɗa ba. Coci ɗaya suke, wannan a jerin hagu wancan a na dama. In motocinsu suka haɗu a hanya, kowa ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, kamar yadda ake yi wa kowa, ko baƙo. Haka suka yi shekara talatin da ɗaya.

A cikin waɗannan shekaru ne guguwa ta yi ɓarna a can ɗaya gefen jihar, aka nemi injiniyoyi su zo su duba gidajen da suka tsira, aka rasa. Kowa ya san labari irin na Arlen, ko nasa ko na wani, kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. Mutane suka yi wata da watanni a ɗakunan makaranta, gidajensu na tsaye lafiya lau, babu mai cewa a shiga. Sai 'yan majalisa suka farka suka yi doka. Injiniya, ko mai zanen gini, ko ɗan safiyo, in ya fito aikin sa-kai bayan bala'i, ba za a kai shi ƙara a kan kuskuren da ya yi da zuciya ɗaya ba. Amma da sharaɗi. Sai hukuma ce ta kira shi, kada ya karɓi lada, kuma rigar kariyar ta kwana talatin ce daga ranar da gwamna ya ayyana bala'in. Arlen ya yanke dokar daga mujallar ƙungiyarsu, ya karanta ta sau babu adadi yana neman ɓaraka, ya ninke ya sa a walat. Marlys ta ce ita wasiƙunta na soyayya ba su samu wannan gata ba.

Yana da shekara sittin da biyar ya rufe ofis. Ya ci gaba da sabunta lasisinsa, don bai san yadda zai kira kansa in babu shi ba, amma ya daina biyan inshorar aiki. Hatimin ya jefa a aljihun mota. Abin da ya rage musu shi ne gidan da suke ciki, mai itacen tuffa biyu a baya.

Bayan shekara biyu kogi ya zo. Ƙanƙara ta narke a mako guda, ruwan sama ya biyo baya, shingen da ke tare kogin ta kudu ya fashe, unguwar gangare duk ta shiga ruwa har bakin tagogi. Ba a rasa rai ba. Da ruwan ya fara ja, Joleen, jami'ar agajin gaggawa ta gunduma, ta buga masa waya. Tsohuwar ɗalibar Marlys ce, har yanzu in ta gan ta sai ta gyara tsayuwa.

"Baba Arlen, gida ɗari uku ne da wani abu, injiniyana ɗaya ne, shi ma gidansa a ruwa yake."

"Ki rubuto," in ji shi. "Da kwanan wata, da sa hannunki. Ki sa cewa ke kika kira ni."

Ta rubuta. Washegari ya fito da hular kwano da fitila da dogon takalmin roba, da katuna kala uku a hammata: kore a shiga a zauna, rawaya a shiga da rana a fita, ja kada a kusanta.

Waɗanda suka gan shi a makonnin nan sun ce ba su gane shi ba. Ashe mutumin surutu ne da shi. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi wa mai gidan bayanin yadda ginshiƙi yake ɗaukar nauyi har mai gidan ya fara duba agogo. Ya buga bango da tafin hannu ya ce, "Wannan zai binne jikokinki." Ya ce wa wani, "Ka fito da karenka da hotunan aurenka, sauran ka bar wa kogi." Maganar da ya tara shekara talatin duk ta ɓalle. Abu ɗaya ne ya ɓata masa suna. Doka ta ce kada ya karɓi lada, shi kuwa ya taɓa jin abin da lauya ya yi da kofin gahawa. Don haka ya ƙi cin komai a gidan kowa, da gorar gahawarsa yake yawo. A garin da ba a fita gidan mutum baki a bushe, wannan kusan zagi ne. Wata tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu ta bi shi har mota da faranti a hannu tana cewa, "Kai ɗan gidan Moen, ni na yi wa uwarka jinya da ta haife ka, ka ce ba za ka ci waina ta ba?" Ya ɗaga gilashi yana ba ta haƙuri.

Rana ta ashirin da shida cikin kwana talatin ɗin dokar, jerin sunaye ya kai shi gidan Delmar. Delmar ya daɗe da sayar da gona, sun dawo gari shi da Ardis, a wani gida mai ɗakin ƙasa da aka gina da bulo. Saman gidan lafiya yake, amma ɗakin ƙasan cike yake da ruwa har matattakala ta biyu daga sama.

"Kai aka turo," in ji Delmar.

"Ni aka turo."

"Gunduma ta talauce ke nan."

Arlen ya zagaya gidan sau biyu, ya soka sanda a ƙasa ya ga ta shige kamar a kunu. Ya manna rawayan kati a ƙofa, ya rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe cewa kada a zuƙe ruwan ɗakin ƙasa fiye da taku ɗaya a yini. Ya kuma faɗa da baki. Ƙasar da ke kewaye da gidan ta sha ruwa ta yi nauyi, tana tura bango daga waje. Ruwan da ke ciki shi ne yake tokare shi. In ka kwashe shi farat ɗaya, bangon ba shi da mai riƙe shi.

Delmar ya saurara har ƙarshe, hannu a aljihu. "Wato ruwan da ya ɓata mini gida shi ne yake riƙe mini gida."

"Haka ne."

"To, madalla. Zai riƙe har ƙanƙara ta narke, ko?"

Arlen ya rubuta lambar gidan a jerinsa ya wuce na gaba.

Ranar Asabar kwana talatin suka cika. Ya kai wa Joleen hular kwano da ragowar katuna, ya sa ta rubuta cewa ta karɓa. Da aka tambaye shi zancen kujera a gidan gahawa da yammar nan, ya ce bai duba ba. Wasu suka ce to, injiniya ya dawo.

Ranar Litinin da hantsi Marlys ta aike shi sayo taki na fure. Hanyar ta bi ta gangare. Tun daga nesa ya ji ƙarar inji, ba irin ƙananan da gunduma ta raba ba, babban inji ne na ban ruwan gona. Tiyo mai kaurin cinyar mutum ya fito ta tagar ɗakin ƙasan Delmar yana aman ruwa a kwata. Daga yadda titin ya jiƙe har kwana, tun asuba ake yi.

Arlen ya wuce. Ya kai mahaɗar titi ya tsaya, babu mota gaba babu baya, ya ci gaba da tsayuwa. Lissafin ba shi da wuya, kuma shi mutumin lissafi ne. Ya riga ya yi gargaɗi a rubuce, a kan katin hukuma, a cikin kwanakin da doka ta rufe shi. In ya tafi sayen takinsa bangon ya faɗi, babu lauyan da zai iya taɓa shi. In kuwa ya koma ya buɗe baki, yau rana ta talatin da biyu ce, ba wanda ya kira shi, ba shi da inshora, kuma duk abin da ya biyo baya a wuyansa yake. Gidan da Marlys take shuka furen shi za a ɗauka. Tsoro ya kama shi sosai. Ya kuma ji haushin Delmar, haushi irin wanda bai yarda ya ji ba tun a kotu. Sannan ya tuna bai ga Delmar a waje ba, motarsa kuwa tana nan.

Ya juya kan motar.

Ardis tana kicin tana goge kwanuka. Ya wuce ta da gaisuwa rabi ya sauka matattakala. Ruwan ya koma iya gwiwa. Delmar yana can ƙuryar arewa da shebur yana tura laka wajen bakin tiyo. A bayansa, daidai tsayin ƙirji, wata tsaga ta ratsa bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, bulon ya turo ciki, ruwa yana tsartuwa ta tsakani siriri-siriri.

"Delmar, ajiye shebur ɗin nan ka fito."

"A'a, injiniya ne? Na ji an ce wa'adinka ya ƙare."

"Ya ƙare. Fito."

"Mako biyar matata tana kwana a gadon sojoji a zauren coci. Taku ɗaya a yini! Kai kana gidanka a tudu kana cin tuffa. Yau zan ga daɓen ɗakin nan."

"Ka waiwaya ka dubi bangon bayanka."

Delmar bai waiwaya ba. Taurin kai a gidan Skogen gado ne, kakansu ma da shi aka binne shi. "Bakinka na taɓa ji sau ɗaya," in ji shi. "Na binne shanu goma sha tara. In kana da magana, sa ta a takarda."

Ya faɗe ta ne don ya kore shi. Duk garin an san Arlen ba zai yi ba, Delmar kuma ya fi kowa sanin dalili.

Arlen ya hau ya fita. A kujerar mota akwai takardar tsarin ibadar jiya. Ya juya bayanta a kan murfin mota ya rubuta cewa bangon arewa na gidan Delmar Skogen yana gab da faɗuwa, a kashe inji, a mayar da ruwa ciki har ya rufe tsagar, kada kowa ya sake shiga gidan. Ya sa kwanan wata na gaskiya. Ya sa hannu. Ya buɗe aljihun mota ya tono hatimin daga ƙarƙashin tsofaffin rasitai, ya matsa shi a kan sa hannun har takardar ta kusa hujewa.

Ya sauka ya miƙa masa. Delmar ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya karanta, ya shafa tambarin da babban yatsa. Ya taɓa zama a kotu, ya san abin da aka ba shi.

"Kai mahaukaci ne," in ji shi a hankali.

"Na ji. Wuce gaba."

Sai a lokacin Delmar ya waiwaya ya dubi bangon. Ya jingine shebur, ya hau. Suka fitar da Ardis da tawul ɗinta a hannu. Suka juya injin, suka tsaya a kan ciyawa su biyu suna kallon ruwan kwata yana komawa cikin gidan. Maƙwabta suka fito kallo. Wani ya ce bai taɓa ganin an ɗauko injiniya don ya cika wa mutum gida da ruwa ba.

Bai sayo takin ba. Da ya gaya wa Marlys, ta zauna a kujerar kicin.

"Da hatimi," in ji ta.

"Da hatimi."

"Ga Delmar Skogen. Duk mutanen duniya, Arlen. Gidan ubana bai ishe su ba, sai ka kai musu nawa?"

"Yana ƙarƙashin bangon, Marlys."

"Na sani! Ai shi ya sa ban jefe ka da tukunyar nan ba."

Ranar Alhamis da tsakar rana bangon ya faɗi duk da haka. Ya riga ya karye tun kafin a mayar da ruwan. Kusurwar kicin ta zube cikin ramin, da murhu da teburin da Ardis take tsayawa. Babu kowa a ciki. Rabin garin suka ce Arlen ya ceci rai biyu. Mijin 'yar Delmar kuwa, wanda lauya ne a babban birni, ya zo ranar Juma'a da mota mai sheƙi ya tsaya bakin ramin, ya ga wani abu dabam. Injiniya ya ba da umarni a rubuce a zuba ruwa a gida, bayan kwana uku gida ya rushe, kuma dokar kariya ta ƙare kafin nan. Bai ɓoye ba, a gidan gahawa ma ya faɗa. Abin da yake buƙata kawai takardar.

Marlys ta sa rigar fita ta tafi ofishin Joleen ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce mata ta rubuta cewa ita ta aike shi. Joleen ta tashi tsaye, idonta ya kawo ruwa.

"Malama, ko na rubuta, kwanakin sun wuce. Sai dai in canja kwanan wata. Ke kika koya mini talatin da biyu ya fi talatin."

"Ashe kin iya lissafi," in ji Marlys. "Da kina ajina ba ki nuna ba." Ta ɗauki jakarta ta fito.

A wannan makon ne layin kai wa mutanen zauren coci abinci ya zo kanta, sunan gidan da aka ba ta kuwa Skogen. Ta yi ta faɗa ita kaɗai tana fere dankali, ta gasa shi da niƙaƙƙen nama da wake a babban kwanonta mai murfi, wanda ta manna wa sunanta a gindi. Fushi dabam, layi dabam. Ta kai ta ajiye ba ta zauna ba.

Mako biyu suka wuce. Arlen ya koma shiru, amma ba irin na da ba. Yakan fita bayan gida ya tsaya tsakanin itatuwan tuffan nan yana kallon rufin gidansa. Duk ƙarar motar mai kawo wasiƙu sai Marlys ta riga shi zuwa akwatin.

Ranar Lahadi bayan coci, ko kaya ba su canja ba, aka buga ƙofa. Delmar ne, da kwanon a naɗe cikin tawul.

"Ardis ce ta ce a kawo. Ta ce gishiri ya yi kaɗan."

"Ka ce mata likita ne ya hana mijinta gishiri, ba ni ba," in ji Marlys. Ta karɓa, ta ji shi sakayau. A garin nan ba a mayar da kwano wayam, ko da 'yan biskit ne sai an sa, kuma Ardis ta fi kowa sanin haka. Fuskar Marlys ta canja. Ta ɗaga murfin a gabansa, don ya gani ta gani.

Takardar ce a ciki, a ninke biyu, da tabon laka a gefe.

"Surukina ya nema," in ji Delmar, yana kallon tabarmar ƙofa. "Na ce masa ruwa ya ci."

"Ka yi masa ƙarya ke nan," in ji Arlen daga bayanta.

"Na taɓa faɗin gaskiya a kanka sau ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ina ganin abin da ta haifa."

Arlen ya ɗauki takardar ya warware ya karanta, kamar wani ne ya rubuta. Sannan ya miƙa wa Delmar. "Taka ce. Ni na sa hannu, kuma ko yau ne haka zan rubuta."

Marlys ta fizge ta tun kafin ta isa. "Ka ƙi wainar mutane wata guda an ƙyale ka. Abin da ya zo a kwanona ba a mayar da shi." Ta cusa ta a aljihun rigarta ta dafe da hannu.

Aka yi tsaye cirko-cirko. Delmar ya ce da alama za a yi ruwa. Arlen ya ce da alama. Delmar ya juya ya sauka matattakala biyu, ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Gidan da muka kama a bayan makaranta," in ji shi. "Rufin garejin yana wani kuka da ban gane ba."

Marlys ta dubi mijinta. Babu wasiƙar Joleen, babu doka, babu kwana ko ɗaya da ya rage. Arlen ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafarsa, takalmin coci ne, an goge shi yana ƙyalli.

"Akwai tsani?" ya tambaya.

"Akwai."

"To jira ni," in ji Arlen. "Bari in canja takalmi."